Ƙunar Rana a Bakin Teku: Tambayoyi da Amsoshi

Duk ranar yawon Sallah ko hutun ƙarshen shekara, bakin tekun Elegushi da Tarkwa Bay a Legas, Labadi a Accra, Kribi a Kamaru, da gaɓar Lome da Kwatano, cika suke yi maƙil, kuma mutanenmu na Agege da Idi-Araba da Nima ba a barinsu a baya. Yawanci lafiya ake zuwa lafiya ake dawowa. Amma akwai wanda sai dare ya yi ya ji kafaɗarsa ta ɗau raɗaɗi, ko riga ba ya so ta taɓa shi, ya rasa abin da ya same shi. Tambayoyin da ke ƙasa su ne aka fi yi a kan wannan.

Ni baƙar fata ne. Ashe rana tana iya ƙona irinmu?

Tana iya. Sinadarin melanin da ke sa fatarmu duhu kariya ce ta gaske, ba wanda ya musa. Wani bincike da aka yi a Amurka a 1979 ya kimanta cewa saman fatar baƙin mutum yana tare hasken rana daidai da man shafawa na kariya daga rana mai lamba 13, na Bature kuwa bai kai 4 ba. Shi ya sa Bature zai yi ja cikin ɗan lokaci kaɗan, kai kana zaune ko a jikinka. Sai dai 13 ɗin matsakaicin lissafi ne. A gida ɗaya ma akwai baƙi wuluk, akwai wankan tarwaɗa, akwai fari tas, kuma juriyarsu ba ɗaya ba ce. Ban da haka kariyar tana da iyaka. Wanda ya tuɓe riga tun hantsi ya wuni cikin ruwa har Azahar ta wuce, yana iya ƙetare iyakar komai duhunsa.

Abin da ke ruɗin mutane shi ne ƙunar ba ta nunawa a fatarmu yadda take nunawa a ta Turawa. Ba a ganin ja, sai a ce gajiya ce ko ruwan gishiri ne.

Zafin rana ne ke ƙona fata?

A'a, kuma nan ne aka fi yin kuskure. Zafin da kake ji daban, abin da ke ƙona ka daban. Mai ƙunar wani haske ne da ido ba ya gani, fata kuma ba ta jinsa, ana ce masa UV. Iri biyu ne ke iso mu. UVB shi ne ya fi haddasa ƙuna, domin yana lalata ƙwayoyin saman fata kai tsaye. UVA ya fi shi nutso cikin fata, shi ke kawo tamoji da tabo da tsufa da wuri, kuma yana ratsa gilashin taga.

Tunda ba a jinsa, sai aka ƙirƙiro masa ma'auni. A Kanada aka fara shi a 1992, daga baya Hukumar Lafiya ta Duniya ta karɓe shi. Daga 3 zuwa sama hukumar ta ce a nemi kariya, daga 11 zuwa sama kuwa abin ya kai maƙura. A gaɓar tekun Afirka ta Yamma, ranar da gari ya washe, ba abin mamaki ba ne a ga 11 ko fiye da tsakar rana. Manhajar yanayi ta yawancin wayoyi tana nuna wannan lamba, sai dai ba kowa ke dubawa ba.

A Sakkwato na tashi, ban taɓa ƙonewa ba. Me ya sa sai a bakin teku?

A Sakkwato wa ke fita tsakar rana ba riga ya kwanta a fili? Kowa inuwa yake nema, zafin da kansa ke korar mutum. Manomi da sassafe yake shiga gona, makiyayi da malafarsa, Buzu da rawaninsa. Bakin teku kuwa iska mai sanyi ke kaɗawa, ruwa na sanyaya jiki, sai mutum ya shafe awa 4 ko 5 bai ji abin da zai tashe shi ba. Kuma wuraren da ya buɗe, wato baya da kafaɗu da cinyoyi da saman ƙafa, wurare ne da ba su saba da rana ba.

Sannan a can hasken ba daga sama kaɗai yake zuwa ba. A lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya, busasshen yashi yana mayar da kusan kashi 15 cikin 100 na UV, kumfar teku kusan kashi 25. Shiga ruwa ma ba ɓuya ba ne: a zurfin rabin mita, kusan kashi 40 na ƙarfinsa yana nan. Wannan bayani ya hau kan masu wanka a dam ɗin Tiga ko bakin kogin Kwara a Yamai, ba sai teku ba.

Wane lokaci ne ya fi hatsari?

Daga ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma, musamman awa biyu kafin rana ta take tsaka da awa biyu bayanta. A Legas rana ba ta take tsaka da ƙarfe 12 daidai, sai wajen 1 saura kwata, saboda garin yana yamma da layin da aka ɗora agogon Najeriya a kai. A farkon Afrilu da farkon Satumba kuwa rana kan bi ta saman kai sak.

In ba ka son lissafin agogo, dubi inuwarka. Muddin ta fi ka gajarta, rana na da ƙarfin ƙona ka. In ta kai tsawonka ko ta zarce, ƙarfin ya ragu sosai. Duk wanda ya yi karatun fiƙihu ya san wannan awo, da shi ake gane shigar La'asar. Saboda haka ga shawarar da ta fi duk wani mai da za ka saya: a yi wanka da sassafe, a koma rumfa a ci abinci a huta, a yi Azahar, in an yi La'asar a sake fita. Hoto ma ya fi kyau a lokacin.

In akwai hadari ko hazo fa?

Gajimare mai kauri baƙi yana rage UV ƙwarai. Amma siririn gajimare, irin wanda ke lulluɓe sama gari ya yi lumshi, har kashi 80 cikin 100 na iya ratsa shi. Irin wannan rana ce ma ta fi cin mutane, don ba wanda ke tunanin inuwa. Ƙurar hunturu tana ragewa, ba ta hanawa.

Yaya zan gane na ƙone tunda ba na yin ja?

Da taɓawa da ji. Wurin zai yi zafi fiye da sauran jiki, ya ɗaure, ya riƙa raɗaɗi ko ƙaiƙayi, in ruwan wanka ya sauka a kai ka ji kamar an watsa wuta. Wani wurin kan ƙara duhu, ko ya yi toka-toka, ko ya ɗan kumbura. Alamun ba sa fitowa nan take. Sukan fara bayan awa 3 zuwa 5, su tsananta tsakanin awa 12 da 24. Bayan kwana 3 zuwa mako guda fatar ta fara saɓa. Ke nan in ka fara jin raɗaɗi tun kana bakin ruwa, ɓarnar ta riga ta yi nisa, tashi kawai.

To na riga na ƙone. Me zan yi a daren nan?

Da farko a fita daga rana, a wanke gishiri da yashi da ruwa mai daɗi, a hankali, ba soso ba gurzawa. Sai a sanyaya wurin: ko wanka da ruwa mai ɗan sanyi irin na randa, ko a jiƙa tawul mai tsabta a ɗora na minti 10 zuwa 15, a maimaita duk sa'ad da raɗaɗin ya dawo. Ga ƙaramin yaro a kula kada sanyi ya kama shi. Bayan wanka kada a goge jiki, a dai daddanna tawul, sannan a shafa mai marar kauri marar turare tun fatar na da ɗanshi. Ruwan alobera yana sanyaya wuri, ko na kanti ko na ganyen da aka yanka. In na ganyen ne, farin da ke ciki ake so, a zubar da ruwan ɗorawan da ke fita ta gefen ɓawo, don yana sa ƙaiƙayi.

A sha ruwa da yawa, saboda ƙuna na janyo ruwan jiki zuwa fata, ga kuma gumin da aka yi. In fitsari ya yi kaɗan ya yi duhu, a haɗa ruwan gishiri da sukari na kemis bisa yadda aka rubuta a jikin ledar. In babu, a zuba ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita 1 ta ruwa mai tsabta.

Don raɗaɗi, parasitamol ko ibuprofen sun isa. Babba kada ya wuce giram 4 na parasitamol cikin awa 24. Ibuprofen ya fi rage kumburi, amma mai gyambon ciki, mai ciwon ƙoda da mai juna biyu su bar shi, haka wanda jikinsa ya bushe bai sha ruwa ba tukuna. Ba a ba yaro ɗan ƙasa da shekara 16 asfirin. In ƙaiƙayi ya hana barci, ana iya shafa hydrocortisone mai kashi 1 na kwana biyu ko uku a inda fata ba ta fashe ba. A sa riga sakakkiya ta auduga a kwanta.

Babu maganin da ke mayar da ƙunar baya. Duk waɗannan sauƙi suke kawowa, jiki ne ke gyaran kansa, kuma ƙaramar ƙuna takan warke cikin mako guda.

An ce in sa makilin ko ɗanyen ƙwai. Gaskiya ne?

Kada ka sa. Man goge baki yana ba da sanyin ƙarya na ɗan lokaci, daga baya ya busar da wurin ya ƙara masa ciwo. Ɗanyen ƙwai na iya kawo ƙwayoyin cuta. Manja da man shanu da basilin, in aka laɓta su tun wurin na da zafi, riƙe zafin suke yi. Man zafi irin su Robb da Aboniki kuwa ba su da abin yi a kan ƙuna. Baƙin mai na mota bai ma cancanci a tattauna shi ba. Ƙanƙara ma ba a ɗora ta kai tsaye, tana ƙara lalata fatar da ta riga ta jikkata. A guji kuma mayukan kashe zafi masu benzocaine, suna jawo borin jini ga wasu.

Wurin ya ɗuri ruwa. In fasa?

Bar shi. Bororo alama ce ƙunar ta wuce saman fata, kuma wannan rufin shi ke hana datti shiga. In ya fashe da kansa, a wanke da ruwa da sabulu marar ƙarfi, a rufe da bandeji marar mannewa, a riƙa canzawa kullum. Audugar kemis ba ta dace ba, zarenta na maƙalewa a ciwo. Fatar da ke saɓa ma kada a ɓanɓare ta, ta faɗi don kanta.

Yaushe abin ya wuce na gida?

A tafi asibiti in bororo ya mamaye wuri mai faɗi, ko ya fito a fuska. In akwai zazzaɓi, rawar sanyi, amai, jiri ko ciwon kai mai tsanani. In wurin ya fara mugunya ko ciwon na ƙaruwa bayan kwana biyu maimakon raguwa. Jariri ko ƙaramin yaro da ya ƙone, likita ya gan shi ko da abin ya yi kama da kaɗan.

Akwai kuma wanda ya fi ƙuna hatsari, ko da yake sukan zo tare: bugun zafi. Wannan kam zafin ne da kansa ke kawo shi, ba UV ba. Yakan fara da kasala, gumi mai yawa, ƙishirwa da murɗawar tsoka. A wannan mataki inuwa, sanyaya jiki da shan ruwa sukan dawo da mutum cikin rabin awa. In kuwa zafin jiki ya kai 40, mutum ya fara sambatu, ko tangaɗi, ko ya faɗi, to magana ta zama ta rai. A kai shi inuwa, a sassauta tufafi, a jiƙa shi da ruwa ana yi masa fifita, a kira lambar gaggawa 112 ko a garzaya da shi asibiti, ana ci gaba da sanyaya shi a hanya. Wanda ba ya cikin hayyacinsa ba a ɗura masa ruwa. A Hajjin 2024 hukumomin Saudiyya sun ce mutum 1,301 suka rasu, da yawansu saboda zafi, don haka ba abin wasa ba ne.

Wane man kariya zan saya?

Duba abu uku a jikin kwalba. Na ɗaya lambar SPF, wato ma'aunin ƙarfin kariyar man, kada ta gaza 30. Mai 15 yana tare kusan kashi 93 cikin 100 na UVB, mai 30 kashi 97, mai 50 kashi 98. Ka ga tazarar 30 da 50 ba ta kai yadda lambar ke nunawa ba, kuma babu wanda ke tare duka. Na biyu, SPF na magana ne a kan UVB kaɗai, don haka a tabbata yana kare UVA ma: za ka ga an rubuta UVA da UVB tare, ko UVA cikin da'ira, ko PA da alamun tarawa a gabansa. Na uku, ya zama mai jure ruwa. Na Amurka sukan rubuta minti 40 ko minti 80, iyakar abin da aka gwada ke nan. Tun dokar 2011 aka hana kamfanoni a can cewa ruwa ba ya wanke mansu sam, domin babu irin wannan mai.

A duba ranar ƙarewar aiki da lambar NAFDAC. Jabu ya yi yawa, musamman a kasuwar intanet. Kwalbar da ta wuni a rana a teburin ɗan tireda ko cikin mota ma ba abin dogaro ba ce, zafi na kashe ƙarfinta. A bakin teku a naɗe ta da tawul a ajiye a inuwa.

Yaya ake shafawa? Kwalbar ƙarama ce, ga tsada.

Nan ne akasarin mutane ke faɗuwa. Lambar da ke jikin kwalba an same ta ne da shafi mai kauri, miligiram 2 a kowace murabba'in santimita ta fata. Ga babban mutum da ya buɗe jiki, wannan ya kai kamar ƙaramin cokali 6. Bincike ya sha nuna cewa mutane rabin haka ko rubu'i suke shafawa, sai kariyar ta zube ƙasa da abin da aka rubuta nesa ba kusa ba. Fuska da wuya kaɗai suna bukatar kusan rabin ƙaramin cokali.

A shafa minti 15 zuwa 30 kafin a fita, a busasshiyar fata. A sake duk bayan awa 2, da kuma duk lokacin da aka fito daga ruwa aka goge jiki. Kada a manta da kunne, ƙeya, saman ƙafa, bayan gwiwa, da ƙoƙon kai ga mai sanƙo ko wanda ya yi aski ƙwal. In za a sa maganin sauro na shafawa, man kariya ne farko.

Batun tsada kuwa, mafita ita ce a rage fatar da ke buɗe. Wanda ya sa riga mai dogon hannu da malafa, fuska da hannu da ƙafa kaɗai zai shafa, kwalba ɗaya ta daɗe masa.

Na gwada wani, fuskata ta yi fari fat.

Masu zinc oxide ko titanium dioxide ke yin haka a fata mai duhu. Suna da kyau ga yara da masu fata mai saurin ƙaiƙayi, amma ga wanda farin ya dama akwai masu narkewa ba su bar alama, akwai kuma masu launin fata. Waɗannan na ƙarshen, saboda sinadarin ƙarfen da ke cikinsu, sun fi taimakon mai fama da baƙin tabo a kumatu.

Yana hana alwala?

Ƙa'idar da malamai ke faɗa ita ce abin da ya yi kauri a kan fata har ya hana ruwa isa gare ta, sai an gusar da shi. Mayukan kuma ba iri ɗaya ba ne: wani na nutsewa, wani, musamman mai jure ruwa, na zama a sama. Hanya mafi sauƙi ita ce a wanke gaɓoɓin alwala da sabulu, a yi alwala, a busar, a sake shafawa. Da ma lokacin Azahar ya yi daidai da lokacin sabunta shi. Mai son hukunci dalla-dalla ya kai wa malaminsa kwalbar ya gani.

Man kaɗanya ko man kwakwa ba za su wadatar ba?

Ba za su wadatar ba. Kariyarsu daga UV kaɗan ce ainun. Amfanin man kaɗanya na zuwa ne bayan kwana biyu ko uku, in zafin ya fita fata ta fara bushewa da saɓa. A nan kam yana da kyau.

Ni ina rufe jikina ruf. Ina da sauran damuwa?

Kin riga kin yi rabin aikin, Hajiya, don tufafi sun fi kowane mai: ba sa wankewa, ba a sabunta su. Sai dai yadi ya bambanta. Ɗaga shi ki duba rana ta cikinsa. In kina hango haske sosai, to rariya ce, UV na wucewa. Siririn mayafi da farar riga ta auduga ba su da kariya mai yawa, in suka jiƙe kuma ta ƙara raguwa. Yadi mai matsattsen saƙa mai duhun launi ya fi. Akwai kayan ninƙaya masu rufe jiki duka, irin wanda Aheda Zanetti ta ƙirƙiro a Ostireliya a 2004, da yawansu kuma an rubuta musu UPF 50, wato lambar ƙarfin kariyar yadi daga UV. Sun fi doguwar riga mai nauyi aminci a cikin ruwa, don ita in ta sha ruwa tana ja ƙasa, tekun Legas da na Lome kuwa suna da igiya mai fizgar mutum.

Hijabi ba ya yi wa fuska inuwa. Goshi, hanci, kumatu da bayan hannu suna nan a fili, su ne za ki shafa wa mai, ki ɗora malafa ko ki riƙe lema.

Zama ƙarƙashin lema ya isa?

Ya rage, bai isa ba, saboda hasken da ke shigowa ta gefe daga sararin sama da yashi. An gwada wannan a bakin wani tafki a Texas, aka buga sakamakon a 2017. Mutum 81 masu saurin ƙonewa suka zauna awa 3 da rabi da tsakar rana. Cikin waɗanda aka ba lema kaɗai, kashi 78 cikin 100 sun ƙone, cikin waɗanda aka ba mai mai ƙarfi kaɗai, kashi 25. Ko ɗaya bai tsare kowa da kowa ba. Rumfa mai faɗi mai rufin gefe ta fi ƙaramar lema.

Jaririna wata 4. Zan iya zuwa da shi?

Jaririn da bai kai wata 6 ba, ba a barin rana ta same shi kai tsaye, kuma ba a so a shafa masa man kariya, fatarsa ba ta yi ƙwari ba. Inuwa, riga mai sauƙi mai rufe hannu da ƙafa, da hula mai baki su ne kariyarsa. Ki yawaita ba shi nono. Kada ki lulluɓe shi da zane ruf don kare rana, ko a goye ko a keken jarirai, zafi na taruwa a ciki. A ganina in tafiyar tsakar rana ce, barinsa gida ya fi.

Yaran da suka tasa kuwa ba za su ce maki sun gaji ba. Ke za ki riƙa kiransu inuwa, ki ba su ruwa, ki sake shafa masu mai, ki bar su da riga ko a cikin ruwa.

Ɗana zabiya ne. Shi fa?

Shi ne wanda duk wannan bayani ya fi shafa, kuma ba a bakin teku kaɗai ba, kullum ne. Fatarsa ba ta da melanin ko tana da kaɗan ƙwarai, mintuna kaɗan sun isa su ƙona shi, kuma ƙunar da ake ta maimaitawa tun yarinta ita ke zama kansar fata, wadda ke kashe zabiyoyi da yawa a Afirka tun suna matasa. Abin takaicin shi ne cuta ce da ake iya kaucewa.

Ba sai an hana shi zuwa ba, a dai zaɓi lokaci: sassafe ko bayan La'asar sakaliya. Mai mai lamba 50 ko fiye, riga mai dogon hannu, dogon wando, malafa mai faɗin baki da ke rufe kunne da ƙeya, da tabarau, don idonsa ma ba ya jure haske. Hular hana-salla ba ta rufe kunne, kunne kuwa na cikin wuraren da ciwon ya fi fitowa. Duk wani wuri mai kaushi da ya ƙi tafiya, ko gyambon da ya yi makonni bai warke ba, a kai shi wurin likitan fata ba tare da jira ba. Ko babu komai, ya kamata a riƙa duba fatarsa aƙalla sau ɗaya a shekara. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 13 ga Yuni don wayar da kai a kan zabiyoyi tun 2015, kuma ƙungiyoyinsu kan raba man kariya a irin wannan lokaci, yana da kyau a neme su.

Ina shafa man ƙara haske. Akwai matsala?

Akwai, babba. Sinadarin hydroquinone da ake sawa a irin wannan mai, aikinsa hana fata yin melanin, wato kariyar da kika zo da ita duniya ita ake cirewa. Mayukan da ke da clobetasol ko betamethasone kuma sirantar da fata suke yi har jijiyoyi su fito. Masu haɗa mai a gida sukan zuba duka biyun ba tare da sun faɗa ba. Irin wannan fata ba ta jure abin da take jurewa a da, tana ƙonewa da wuri, ta kuma daɗe ba ta warke ba. Baƙin da kike gani ya kwanta a kumatun wasu masu bilicin, wanda ba ya fita, daɗewa ana shafa hydroquinone ne ke kawo shi, rana kuma ta ƙara masa.

In kina kai, ki ɗauki kanki a sahun masu farar fata wajen kariya: mai lamba 50, malafa, inuwa. In kin ƙone, kada ki shafa man a wurin. In kuma kin yi niyyar bari, ki ga likitan fata ya tsara maki, domin yanke irin clobetasol farat ɗaya bayan an daɗe ana shafawa yana tayar da ƙuraje da raɗaɗi, abin da ke sa da yawa su koma.

Gaskiya ne wasu magunguna na sa a ƙone da wuri?

Gaskiya ne. Daga ciki akwai doxycycline da tetracycline, ciprofloxacin, Septrin, griseofulvin na makero, piroxicam na ciwon gaɓoɓi, isotretinoin na ƙurajen fuska, da hydrochlorothiazide da ke cikin magungunan hawan jini da dama. Kada ka daina shan magani don za ka yawo, ka dai ƙara kariya.

Lemon tsami ma abin lura ne. In ruwansa ya taɓa fata rana ta doke shi, yakan ƙona wurin har ya ɗuri ruwa, ya bar baƙin zane na watanni. Wanda ya matsa shi a kan gasasshen kifi a bakin teku ya wanke hannu da gefen baki da sabulu.

Ido da leɓe suna ƙonewa?

Sosai. Ƙunar ido na zuwa bayan awoyi: ja, hawaye, jin kamar yashi a ciki, ƙin haske. Takan lafa cikin kwana 1 ko 2, amma in gani ya ragu ko ciwon ya tsananta a ga likita. A nemi tabarau da aka rubuta wa UV400. Baƙin gilashin da ba ya tare UV ya fi rashinsa illa, don ƙwayar ido na ƙara buɗewa a bayansa. Leɓen ƙasa kuwa akwai man leɓe mai SPF.

In na riƙa kare kaina ba zan rasa bitamin D ba?

Wuni ɗaya na kariya a bakin teku ba zai rage maka komai ba. Jiki na yin abin da yake bukata da ranar da kake samu a zirga-zirgar yau da kullum, kuma in ya ƙoshi tsayawa yake yi, ƙarin zama ba ya ƙara masa. Wadda ba ta cika fita ba kuma tana rufe jiki, ita ce ya kamata ta yi wa likita maganar gwaji, ta kuma riƙa cin kifi mai maiƙo irin sadin da taitus, da gwaiduwar ƙwai.

Ƙunar rana na kawo kansa ga baƙar fata?

Tun 1992 cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa hasken rana cikin abubuwan da aka tabbatar suna kawo kansa. Amma a faɗi gaskiya: alƙaluman da ake yawan ambatowa daga Turawa aka samo su, kuma hatsarin baƙar fata ya yi ƙasa da nasu nesa. Kansar fata mafi muni da ke kama irinmu ta fi fitowa a tafin ƙafa, tafin hannu da ƙarƙashin farce, inda rana ba ta kaiwa. Irinta ce ta kashe Bob Marley a 1981 yana ɗan shekara 36, daga yatsan ƙafa ta fara. Matsalarmu ita ce jinkiri. Baƙin ɗigo a tafin ƙafa da ke faɗaɗa, baƙin layi a farce da ke ƙara faɗi, ko tsohon tabon ƙuna da ya koma gyambo, duk abin nuna wa likita ne.

Ƙunar ta warke amma wurin ya yi dabbare-dabbare. Zai koma daidai?

Yawanci yana komawa, amma a hankali. Fata mai duhu in ta ji ciwo takan mayar da martani da ƙarin melanin, sai wurin ya fi kewayensa baƙi, inda ya saɓe kuma ya fi haske na ɗan lokaci. Makonni ne, wani lokaci watanni. Abin da ke jinkirta shi rana ce, saboda haka a rufe wurin ko a riƙa shafa masa man kariya kullum, ba sai za a teku ba. Kada a gurza shi da dilka ko soso mai kaushi kafin ya gama warkewa, kada kuma a bi shi da man bilicin. In an yi wata 6 ba canji, likitan fata na da magungunan da yake bayarwa da awo.